Yanka da liƙa hotuna da yaran da suka ƙi magana: wa ya taɓa gwadawa?

Malamar Nasiha, Kano: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aikin ba ɗalibai shawara a wata sakandaren 'yan mata. Akwai wata 'yar aji uku da mahaifiyarta ta rasu bara. Zamanmu huɗu da ita, kanta a sunkuye, ba abin da take cewa sai "lafiya lau, Malama." Na ba ta fensir, ta ce ba ta iya zane ba. Sai na kwaso tsofaffin kalanda da mujallu da gam, na ce ta yago duk abin da ya yi mata kama da gidansu ta liƙa. Ta liƙa tukunya a kan murhu da bishiyar mangwaro, ta bar rabin takardar fari fat. Na kama bakina. Can ta ɗora yatsa a wurin ta ce, "Nan ɗakin Umma ne." Ranar ta fara kuka a gabana, ni ma da ƙyar na danne nawa. Akwai wanda ya taɓa gwada wannan?

Ɗan Agaji, Gusau: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ji ƙan mahaifiyarta. Mu da yaran da suka gudo daga ƙauyuka muke yi. Muna bin tsarin Bishiyar Rayuwa, wanda Ncazelo Ncube, masaniyar halayyar ɗan Adam 'yar Zimbabuwe, ta tsara tare da David Denborough, wani masani ɗan Ostareliya, don yaran da cutar ƙanjamau ta mayar marayu. Saiwa ita ce asalin yaro, gangar jiki abin da ya iya, rassa burinsa, ganye kuma mutanen da yake ƙauna, rayayyu da mamata. A asali zanawa ake yi, mu muka mayar da shi liƙawa saboda fensir ba ya isa.

Kuskurena ɗaya har yau yana damuna. Na zube musu jaridu ban tace ba, ashe akwai hoton mutane a kan babura. Wani yaro ɗan shekara 9 yana gani ya shige ƙarƙashin benci, jikinsa na rawa. A kan babura aka shigo garinsu. Tun daga nan sai na duba kowane shafi da daddare kafin ya kai hannun yaro.

Maman 'Yan Biyu, Maraɗi: Ni uwa ce kawai. Da aka ce in riƙa yi da ɗana a gida, maigida ya ce bai yarda da hotunan masu rai ba. Ban ja da shi ba, na je wurin tela na roƙi ƙyallayen atamfa da shadda, muka haɗa da busasshen ganye da ɓawon gyaɗa, na dama sitaci ya zama gam. Wata rana yaron ya cika kwali da baƙin ƙyalle, gabana ya faɗi, na ce shi ke nan baƙin ciki ya cinye shi. Da na ce ya ba ni labari, sai ya ce dare ne, lokacin da kakansa ke yi masa tatsuniya.

Anti Nas, Kaduna: Maman 'Yan Biyu, kin yi daidai da kika tambaye shi maimakon ki fassara masa. A ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa nake aiki. Yin jinya da zane ya daɗe, Adrian Hill na Ingila ne ya raɗa masa suna a 1942 bayan jinyarsa ta tarin fuka. Liƙawa kuwa ta fi zane sauƙi ga matasa, don ba mai cewa hannunka bai iya ba, kuma yaronmu da aka hora kada ya kalli idon babba yana samun inda zai ajiye idonsa yana magana. Matashin da ya taɓa yi wa kansa rauni ba na ba shi almakashi ko reza, da hannu yake yagawa. Don Allah kada a ɗauki hoton aikin yaro a sa a Facebook, sirrinsa ne. In kuma ya ambaci cin zarafi ko son kashe kansa, maganar ta wuce kwali da gam, a kai shi ga likita ranar. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, da na Barnawa a nan, da na Kware kusa da Sakkwato.

Malamar Nasiha, Kano: Na gode ƙwarai, Anti, na kwashe almakasan daga teburina. Jiya yarinyar ta zo da wani ɗan ƙyalle daga ɗankwalin mahaifiyarta, ta ce in ɗauko mata takardar nan. Ta liƙa shi a tsakiyar farin wurin, ta tambaye ni ko za ta iya tafiya da ita gida ta nuna wa ƙannenta.