Me za mu kira hiss da noise reduction da Hausa? Gobe da dare zan ɗauki shirin

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. Malamai, a taimaka mini cikin gaggawa. Ina haɗa darasi na minti 15 domin mata masu karanta littattafan Hausa suna ɗorawa a YouTube, da masu ɗaukar wa'azi a gida da waya. Gobe bayan isha'i zan ɗauka, jibi a sa shi a rediyo. Kalmomi uku ne na Turancin masu gyaran sauti suka tsaya mini: noise, hiss, da noise reduction. Na rubuta "rage hayaniya", to da na karanta wa ƙanwata sai ta ce ita ɗakinta tsit yake, babu wata hayaniya, amma in ta saurari abin da ta ɗauka sai ta ji wani shuuu a ƙarƙashin muryarta daga farko har ƙarshe. Ke nan hayaniya ba ta kama abin ba.

Yaron Sutudiyo:
Wa alaikumus salam Anti. Mu dai a wurin aiki noyis muke cewa, kowa kuma yana ganewa. "Cire noyis." Shi ke nan.

Ɗan Damagaram:
Huci. Hucin na'ura.

Tsohon Injiniya:
'Yata, kafin a zaɓi suna a fara raba abubuwan, don Bature ya zuba su a kalma ɗaya ne alhali cutarsu daban, maganinsu daban.

Shuuu ɗin da ƙanwarki take ji, wato hiss, ba daga ɗaki yake ba. Daga cikin kayan ɗaukar yake fitowa, domin duk wata na'urar lantarki tana da ɗan motsi na kanta da ɗumi ke haddasawa. Wasu masana biyu a Amurka, Johnson da Nyquist, sun yi bayaninsa tun 1928. Ba ya damun kowa sai an zauna nesa da makirufo, murya ta shiga a raunane, sannan aka murɗa ƙarfi don a ji ta. Da muryar da shuuu ɗin tare suke tashi. Maganinsa a matso. Duk sanda kika rage tazarar bakinki da makirufo da rabi, muryarki na ƙaruwa da kusan desibel 6 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), shi kuwa yana nan inda yake.

Akwai kuma wani mai kauri, wuuum, da ke biyo wutar lantarki. Wutarmu a Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60, kuma wannan juyin ne kunne ke ji in wayar haɗi, wato kebul, ta lalace, ko caja na jone da kwamfuta ana ɗauka. Sau da yawa da an zare caja ya ɗauke. Wannan ni ƙugi nake ce masa tun muna aiki da faifan garmaho.

Sai na waje: fanka, firji, janaretan maƙwabta, babur, zakara, yara a tsakar gida. Wannan kam hayaniya ce, ba ki yi kuskure ba.

Maman Ilham:
Baba Allah ya saka da alheri, ƙugi ya zauna daram. Hayaniya ma ta samu wurinta. Saura shuuu, da kuma sunan aikin ragewar.

Malamin Nahawu:
Ni huci bai kwanta mini ba. Huci daga baki ko hanci yake fita, na maciji, na mai fushi, na wanda ya sha gudu. In kika ce wa mace "akwai huci a karatunki", za ta ɗauka numfashinta kike nufi, ta koma tana ɗauke numfashi, alhali ba nan matsalar take ba. Kuma numfashin da ke dukan makirufo shi ma matsala ce mai zaman kanta, da wane suna za a kira shi in an ba da huci?

Game da aikin kuwa, ina da shawara da na daɗe ina juyawa a raina: bakacen sauti. Mace ta ɗauki faifai, ta bakace, dusa ta tafi, tsaba ta zauna. Abin da manhajar gyaran sauti ke yi ke nan. Kuma tunda mata za a koyar, babu wadda za ta tambayi ma'anarsa. Shuuu ɗin sai ya zama dusar sauti. Kun ga kalma ɗaya ta haifi 'yar'uwarta.

Ɗan Damagaram:
Malam, da Faransanci sunan wannan shuuu ɗin souffle, ma'anarsa ta asali numfashi. Ma'aikatan rediyo a nan shekara da shekaru suna amfani da shi, ban taɓa ganin wanda ya ruɗe ba, don in aka ce na na'ura ne an san na na'ura ne. Shi ya sa na ce hucin na'ura, ban ce huci kawai ba. Na baki kuma a ce bugun numfashi.

Baƙatsine:
Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne amsar farko. Baiwar Allah ta zo neman kalmar Hausa, an miƙa mata noyis. Haka muka wayi gari yaranmu suna cewa "zan yi rikodin", "ka yi editin", har mutum ya saurari shirin Hausa na minti goma bai ji jimla ɗaya lafiyayya ba. Tun a 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya tana ba da labarin duniya, har da na yaƙin da ya ɓarke a wannan shekarar, da Hausa. Tun 1957 ake watsa labarai da Hausa daga Landan. Waɗancan mutanen ba su ce abu ya gagara ba. Su suka bar mana suna irin Majalisar Ɗinkin Duniya. Mu kuma yau ƙaramin shuuu ya fi ƙarfinmu? Sannan ga wani yana kawo mana hujja daga Faransanci, kamar sai Bature ya sa hannu kafin kalmarmu ta halatta.

Ɗan Damagaram:
Yallaɓai, ban nemi izinin Bafaranshe ba. Malam ya ce za a ruɗe, na kawo masa inda aka gwada ba a ruɗe ba. Huci kalmar kakata ce. Kuma wannan abin yana yi mana ciwo a nan: in kalma ta fito daga Kano sai a ce daidaitacciyar Hausa, in ta fito daga Damagaram ko Maraɗi sai a fara binciken ko Faransanci ya taɓa ta.

Baƙatsine:
Ni ba Bakano ba ne, ka duba sunana. Abin da kuke sha mu ma muna sha.

Yaron Sutudiyo:
Baba, da girmanka, ni ban raina Hausa ba. Amma wannan matar da za a koya wa, in ta buɗe Audacity, manhajar gyaran sautin, abin da za ta gani a rubuce Noise Reduction ne. In Anti ta ce mata "ki danna bakace", ina za ta danna? Kuma rediyo, makirufo, lasifika, kaset, wanne ne na kakanninmu? An ce na'ura mai ƙwaƙwalwa shekaru da yawa, yau kowa kwamfuta yake cewa.

Baƙatsine:
Yanar gizo fa? Ba ta zauna ba? Jirgin sama fa? Wayar salula ma rabinta namu ne. Abin da aka dage a kai yana zama. Na'ura mai ƙwaƙwalwa tsayi ne ya kashe ta, ba Hausa ba.

Malamin Nahawu:
To ai shi ya sa na ce bakace. Gaɓa uku. Ana iya sarrafa shi: na bakace, ki bakace, bakataccen sauti. Noyis fa, me za ka yi da shi in ba ka jingina masa "yi" ko "cire" ba?

Tsohon Injiniya:
Allah ya gafarta Malam, kalmarka tana da daɗi a baki, amma ina tsoron abin da za ta koyar. A bakace dusa daban, tsaba daban, iska ta raba su. A sauti ba haka ba ne. Shuuu ɗin yana shimfiɗe ne a kan zangon da murya take, musamman inda s da sh da f suke zaune, kuma Hausa cike take da su, ga kuma ts. Yadda manhajar ke aiki, za ki bar daƙiƙa kaɗan a farkon ɗauka ba ki ce komai ba, ki nuna mata wannan wurin ta gane kamannin abin da ba a so, sannan ta bi duk karatun tana danne duk abin da ya yi kama da shi. In aka matsa mata, sai ta haɗa da muryar ta ci. Sautin s ya dushe, ƙarshen kalmomi ya gutsure, murya ta riƙa wani ƙyal-ƙyal na ƙarfe wanda ya fi shuuu ɗin muni. Ni ba na son a wuce desibel 12, in da hali ma ƙasa da haka.

Shi ya sa ba na son "cire" na yaron nan, ba na son "kawar da". Ragewa ake yi. Ko tsarin Dolby da aka fito da shi don kaset na gida a 1968, wanda ke ɗaga siraran sautuka lokacin ɗauka ya sauke su lokacin saurare, kusan desibel 10 yake ragewa, bai taɓa kashe shi duka ba. Duk sunan da za ku sa, kalmar rage ta kasance a ciki, don mace ta san in ta ji ɗan saura ba ta gaza ba.

Hajiya Mai Ɗinki:
Ina bin ku tun ɗazu ban sa baki ba. Injiniya, da alama ba ka taɓa riƙe faifai ba. Wa ya ce maka tsaba ba ta bin dusa? Yarinya mai garaje in ta yi bakace rabin gero a ƙasa yake ƙarewa, shi ya sa ake cewa ta sassauta hannu. Duk macen da ta ji "kada ki cika hannu a bakacen" ta gama gane abin da ka yi dogon bayani a kai.

Tsohon Injiniya:
Hajiya, na karɓi wannan. Amma har yanzu a kan allo ba bakace aka rubuta ba.

Malamin Nahawu:
Alhamdu lillahi, ga shaida daga masu abin. Saura dusar sauti.

Hajiya Mai Ɗinki:
A'a Malam, nan kam ban bi ka ba. Dusa ba a jin ta da kunne. In ka ce mini akwai dusa a muryata zan ɗauka ta dushe ne, in nemi citta da zuma.

Ɗaliba daga Sakkwato:
Me ya hana a bar shi shuu ɗinsa? Tun farkon zancen nan kowa da shi yake bayani, har Baba Injiniya. Amsa-kama, wato kalmar da ke kwaikwayon abin da aka ji, ai Hausa ce tsantsa, kuma da an faɗa an ji abin. Ƙarar shuu. Sannan aikin a ce rage-shuu, irin ginin fasa-ƙwauri da amsa-kuwwa.

Baƙatsine:
Hausa ce, ban musa ba. Amma a littafin makaranta za a rubuta rage-shuu? Sai a ce harshenmu na kwaikwayon ƙara ne kawai.

Ɗaliba daga Sakkwato:
Baba, hiss ɗin da ake nema wa fassara shi ma kwaikwayon ƙara ne, hum, wato ƙugi, ma haka. Su ba su ji kunya ba.

Yaron Sutudiyo:
Wannan gaskiya ne. Ni in za a bar noyis, shuu zan ɗauka, don ko abokan aikina ba za su yi mini dariya ba.

Ɗan Damagaram:
Shuu ba ya karɓar ɗafi da kyau. Hucin makirufo, hucin kaset, hucinsa ya yi yawa. Ku gwada da shuu ku ji.

Malamin Nahawu:
A nan kam yana da gaskiya, ko da yake ban janye ƙorafina ba. Kuma har yanzu babu wanda ya kawo kalmar da za ta rufe duka ukun, wato noise ɗin kanta. Ƙara ba ta yi ba, don murya ma ƙara ce. Amo kuma abin so ne.

Tsohon Injiniya:
Mu da "datti" muke cewa. Sautin nan da datti.

Baƙatsine:
Datti ma aro ne, daga Ingilishi.

Hajiya Mai Ɗinki:
To sai ka ce dauɗa, mu dai a bar yarinya ta je ta yi aikinta.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Dare ya yi, ga abin da zan yi. Na wuta zan ce ƙugi, na waje hayaniya. Na cikin na'ura zan ce hucin na'ura, amma a karon farko zan ƙara da "wato shuu ɗin nan da kike ji", in kunna musu shi su ji da kunnensu. Aikin zan kira shi rage huci, in faɗi sunan da ke kan allo sau ɗaya don su san inda za su danna. Bakace zan kawo shi wurin gargaɗi, da kalmomin Hajiya. Kalmar da za ta rufe duka ban samu wadda ta kwanta mini ba, zan ce dattin sauti a wuri ɗaya da ba ni da mafita, Baba Baƙatsine a yi haƙuri.

Kuma rabin darasin zai tafi ne kan abin da ake yi kafin a taɓa manhaja: a matso kusa da makirufo kamar tazarar tafin hannu, a kashe fanka, a zare caja, a zaɓi ɗaki mai labule da katifa, a ɗauka lokacin da unguwa ta yi shiru.

Malamin Nahawu:
Ba haka na so ba, amma ya fi noyis. Ni dai a ajina bakacen sauti zan ci gaba da cewa, mu ga wadda za ta rayu.

Baƙatsine:
Dauɗar sauti. Harafi nawa ne bambancin?

Tsohon Injiniya:
'Yata, ki ƙara musu abu ɗaya: wayar da ba a ɗauka da ita a nisanta ta da makirufo da wayoyinsa, don tana jefa wani dit-dit-dit in kira zai shigo, kuma rage huci ba ya taɓa shi.

Yaron Sutudiyo:
Anti, in za ki yi kashi na biyu akwai noise gate, mai rufe sauti in an yi shiru ya buɗe in an fara magana. Shi kuma me za a ce?

Ɗaliba daga Sakkwato:
Mai gadi.

Malamin Nahawu:
Ƙyauren sauti. Mai gadi mutum ne.

Maman Ilham:
Wannan sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Sai da safe.