Gyaran gida tun ƙafar tsoho ba ta gaza ba

Ɗan Hajiya, Kano: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mahaifiyarmu ta haura shekara 70. Har yanzu da ƙafarta take zuwa unguwa, amma in za ta tashi daga tabarma sai ta dafa bango. Ina so in gyara mata ɓangarenta bana. Ku da kuka riƙe tsofaffi, daga ina zan fara?

Yaya daga Zariya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, fara da banɗaki. Babanmu wajen alwalar asuba santsin tayil ya kwashe shi, ƙugu ya karye. Sati uku muna wajen mai ɗori kafin muka kai shi Asibitin Ƙashi na Dala aka yi masa aiki. Ya tashi, alhamdu lillahi, amma bai ƙara zuwa masallaci da ƙafarsa ba. Abin da ke cin raina har gobe, mu muka sa tayil ɗin nan mai sheƙi, a ganinmu gata muka yi masa. Ka cire masai na tsugunno ka sa na zama, mai walda ya kafa mata ƙarfen kamawa a bango, ka ajiye kujerar wanka. Hanyar ɗaki zuwa banɗaki kuma kada ta kwana da duhu, ko fitilar sola ce ka sa.

Magini, Katsina: Yaya ta faɗi gaskiya. Mutum zai zuba kuɗi a bene, ya kai ɗakinsa sama, ya manta shi ma tsufa na tafe. Ina ba masu gini shawara su bar ɗaki ɗaya mai banɗaki a ƙasa. Ƙofa ta kai ƙafa 3, don yawancin ƙofofin banɗakinmu keken guragu ba ya shiga. A rage dokin ƙofa. In za a yi gangare maimakon matakala, kowane inci 1 na tudu a ba shi ƙafa 1 na tsawo, in ba haka ba mai turawa zai sha wuya, na kan keken kuma yana cikin haɗari. Gyara daga baya ya fi tsada, don sai an fasa.

Uwar gida, Fagge: Ni fa abin da na gani ba a gini kaɗai yake ba. Innarmu da muka hana ta fita don tsoron faɗuwa, cikin watanni kaɗan ta rame, magana ma ta rage. Mace ce da ba a suna ko gaisuwar mutuwa a dangi ba ta je ba. Sai muka yi yarjejeniya da wani mai a-daidaita-sahu na unguwarmu, muna biyansa a wata, yana zuwa har ƙofar gida ya jira ta hau a nitse. Mun ajiye ɗan kututture tana takawa. Wallahi fuskarta ta dawo. Sanda kuwa da farko ƙi ta yi, wai ba ta tsufa ba, sai da jikarta ta kawo mata a matsayin tsaraba.

Malam daga Maraɗi: In akwai niyyar Hajji ko Umra, kada a yi ta jinkiri. Safa da Marwa kaɗai, zuwa bakwai ɗin nan ya haura kilomita 3, ban da ɗawafi. Ni a keke na tura mahaifina. Kuma ku sanya mata kujera kusa da dardumarta, hadisin Imrana bin Husaini a Bukhari ya halatta sallah a zaune ga wanda tsayuwa ta gagara.

Ɗan Hajiya, Kano: Allah ya saka da alheri. Yaya, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Na duba ɗazu, ƙofar banɗakinta ƙafa 2 ce kacal. Malam magini, faɗaɗa ta sai an taɓa lintel, wato kankaren da ke saman ƙofa, ko za a iya sassaƙe bulon gefe kawai?