Daga Darussalam zuwa Zanzibar a jirgin ruwa: neman hanya mai sauƙin kuɗi

Baban Ilham: Assalamu alaikum jama'a. Akwai wani taro da zan halarta a Darussalam ta ƙasar Tanzaniya, kuma ina so idan an kammala in tsallaka zuwa tsohon garin Zanzibar, wanda ake kira Stone Town, amma guzurina bai taka kara ya karya ba. Waɗanda suka taɓa bin hanyar ruwa su taimaka mini da shawara.

Malam Na'ibi: Wa alaikumus salam. Jirgin ruwa mai gudu yana kai mutum cikin kimanin awa 2, kuma tashar tana kan titin Sokoine, daura da cocin St. Joseph. Kamfanin da ya fi yawan jirage a hanyar shi ne Azam Marine, mai jiragen Kilimanjaro. Kujera mafi araha ga baƙo takan kama wajen dala 35, 'yan ƙasa kuwa da kuɗinsu na shilin suke biya, kuma nasu ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Maman Khalifa: Baban Ilham, don Allah ka riƙe wannan da kyau. Kada ka miƙa wa kowa kuɗi ko fasfo sai wanda ke zaune bayan tagar sayar da tikiti. Ni da na sauka daga Keke Napep, wanda su suke kira bajaji, tun ban daidaita mayafina ba wani saurayi sanye da riga mai kama da ta ma'aikata ya sungumi akwatina, ya ce tikitin safe ya ƙare amma shi zai samo mini. Ya shigar da ni wani ɗan shago a gefen titi, aka karɓi kuɗin da ya zarce farashi, sannan shi ma ya tsaya kai da fata sai na biya shi ladan dako. Da na isa ainihin tagar sai na tarar mutane suna ta saye hankali kwance, kujeru kuma ba su ƙare ba. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne fasfona ya yi mintuna a hannun mutumin da ban san ko sunansa ba, ina baƙuwa a ƙasar da ba na jin harshenta. Ka saya da kanka a taga ko ta intanet, ka duba sunanka da ranar tafiya a jikin tikitin kafin ka ɗaga ƙafa.

Abu Fatima: Gaskiya Hajiya ta faɗa, kuma ɗan dako ma a yi ciniki da shi kafin ya taɓa kaya.

Yayan Sadiya: Ni a ganina a hau jirgin sama a huta, tunda tafiyar ba ta kai rabin awa ba. Ban manta da jirgin Spice Islander da ya nutse a 2011 ba, da kuma Skagit a 2012, inda aka yi asarar rayuka masu yawa.

Malam Na'ibi: Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Sai dai Yaya, Spice Islander tsakanin Unguja (babban tsibirin Zanzibar) da tsibirin Pemba ya nutse, ba a hanyar Darussalam ba, kuma an maƙare shi da mutane da kaya fiye da kima. Darasin da ke ciki shi ne a guji tsohon jirgi mai cunkoso komai arharsa. Mai tambaya kuma sauƙi yake nema, ga shi jirgin ruwa a unguwar Malindi ta Stone Town yake tsayawa, cikin gari sosai, har mutum yana iya takawa da ƙafa zuwa masauki, alhali daga filin jirgin sama sai an ƙara kuɗin tasi.

Yayan Sadiya: Skagit dai daga Darussalam ya taso, Malam.

Malam Na'ibi: Haka ne, ban musa ba, kuma shi ya sa nake ba da shawarar jirgin safe. Daga wajen watan Mayu zuwa Satumba iskar kudu da suke kira kusi tana tayar da igiyar ruwa, kuma abin ya fi tsananta da yamma. Mai saurin jiri ya zauna ta baya, kada ya cika ciki kafin a tashi.

Abu Fatima: Akwai kuɗin da ba a ambata ba. Tun watan Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi inshora ta dala 44, wadda ta fi tikitin kansa tsada, kuma gara a biya ta intanet tun kafin a isa. Tunda tsibiran suna da gwamnatinsu a cikin tarayyar Tanzaniya, jami'an shige da fice za su sake duba fasfo a tashar, kuma wanda ya fito daga Najeriya ya ajiye katin rigakafin shawara kusa da hannu.

Baban Ilham: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Inshorar nan ba ta cikin lissafina sam. To idan na rage kwanakin zama, shin ana iya zuwa da safe a dawo a ranar?

Maman Khalifa: Ana iya yi, amma ka yanki tikitin dawowa tun da safe, domin jirgin ƙarshe da la'asar yake tashi. Ni dai da ka kwana ko da dare ɗaya ne, ka ci abincin dare a Forodhani da ke bakin teku, ka leƙa kasuwar Darajani da sassafe, sannan ka bi jirgin hantsi lokacin da teku ke kwance.