Matambayi ba ya ɓata, sai dai me?

Ɗan Kurmi: Assalamu alaikum. Jiya wani dattijo ya ƙarasa mini karin maganar da rabinta kawai na sani: "Matambayi ba ya ɓata, sai dai asirinsa ya tonu." Wannan jelar ta asali ce? Kuma yabon tambaya ake yi ko kashedi?

Baba Mai Goro: Wa alaikumus salam, ɗana. Da jelarta na tashi na ji ta. Baƙo ya tsaya tsakiyar Kurmi yana cewa ina 'yan turare, ai ya shelanta baƙuncinsa, kafin ya kai rumfa kuɗin kaya ya hau. Shi ya sa ake zaɓen wanda za a tambaya: mai rumfa da ke zaune, ba yaro mai shawagi ba. Kuma a fara da gaisuwa. Wanda ya faɗo da tambaya ko sallama babu, doguwar hanya ake nuna masa.

Malama ta Damagaram: Baba, a gafarce ni, matambayi yana ɓata sarai in ya gamu da mai kunyar cewa "ban sani ba". An ruwaito an yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, a 32 ya ce bai sani ba. Mu kuwa, tambayi wanda bai taɓa wuce Tanut ba hanyar Agadas, nan take zai miƙa hannu.

Direban Tirela: Malama ta taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. A 2014, lokacin Ebola, da tsakar dare aka tashe mu wai a yi wanka da ruwan gishiri, a sha. Duk wanda na tambaya daga ina, sai ya ce "an ce". Na yi wankan kuwa, kada ku yi dariya. Wasu har asibiti.

Malama ta Damagaram: Ga aya ta 6 a Hujurati, a bincika labari kafin a hau kansa. In za ka ba da, faɗi bakin da ka ji, ka raba gani da ji.

Ɗan Kurmi: To Baba, kai a bakin wa ka ji jelar?

Baba Mai Goro: Kakata, Allah ya jiƙanta. Ita ban tambaye ta ba, da muciya a hannunta.