Gyaran hoto bayan an ɗauka: ha'inci ne ko cikon aiki?

Sabon_Hannu:

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga masana harkar hoto. Kyamarata mai megafiksel 24 ce, da lens ɗin da take zuwa da shi, 18-55. Abu uku ne ke damuna. Farar shadda in an ɗauke ta da rana sai ta fito fau, ko aikin wuya ba a gani. Hoton ɗakin taro kuma fuskoki su koma ruwan ɗorawa ko shuɗi-shuɗi. Na lokacin hunturu kuwa komai toka-toka. Wasu na cewa a kai kwamfuta a gyara, wasu na cewa wanda ya iya ɗauka ba ya gyara, gyara ma ha'inci ne. Ina gaskiyar take? In ana gyarawa, daga ina ake farawa, kuma ina ne iyaka?

Malam_Mai_Lens:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Babu hoton dijital da ba a gyara ba. Abin da sensar kyamara, wato ɗan farantin da haske ke sauka a kansa a cikinta, ke kamawa ɗanyen bayani ne, ba hoto ba. Idan ka saita ta a kan JPEG, wato fayil ɗin hoton da aka saba gani, kyamarar ce da kanta take zaɓar launin fari, ta ƙara kaifi, ta ƙara ƙarfin kala, ta rage tsaki-tsaki, ta matse fayil ɗin, sauran bayanin kuma ta zubar. Waya ma ta fi zaƙewa, don takan ɗauki hotuna da yawa a bugu ɗaya ta haɗe su. Saboda haka mai cewa shi ba ya gyara, ya bar wa injiniyoyin kamfani ne su yi masa.

Bambancin a lissafi yake. JPEG bit 8 ne, wato mataki 256 na haske a kowane launi, ja da kore da shuɗi. RAW, wato fayil ɗin ɗanyen bayanin nan da kyamara ba ta taɓa ba, bit 12 ne ko 14, mataki 4,096 ko 16,384. Shi ya sa in ka ja inuwar JPEG da ƙarfi sai sararin sama ya yi layi-layi kamar matakala, RAW kuwa ya jure. Kuɗin da za ka biya shi ne wuri: RAW na megafiksel 24 yakan kai megabait 25 zuwa 30, JPEG kuma kamar 8 zuwa 12. Katin gigabait 32 zai ɗauki RAW wajen dubu. Tunda kana koyo, saita RAW da JPEG tare, ka riƙa gwada naka da na kyamara.

Manhaja ba sai ka saya ba. A kwamfuta akwai darktable da RawTherapee, kyauta ne. Canon na da Digital Photo Professional, Nikon na da NX Studio, su ma kyauta ga mai kyamararsu, kuma sun fi kowa fito da launi irin na bayan kyamarar. A waya akwai Snapseed da Lightroom.

Jerin aikin yana da muhimmanci, don kowane mataki yana taɓa na bayansa. Fara da miƙe hoton in ya karkace, ka datse gefen da ba ka so. Sai daidaiton fari: ka ɗauki ɗan alƙalamin zaɓen launi ka taɓa wani abu da ka san fari ne ko ruwan toka a wurin, kamar bango ko takarda, amma ba wurin da ya ƙone da haske ba. A ma'aunin launin haske da ake kira Kelbin, hasken rana wajen 5,500 yake, tsohon ƙwan lantarki mai ja wajen 3,000, inuwa kuma 7,000 ko sama. Bayan nan hasken hoton gaba ɗaya, kana kallon histogiram, wannan ɗan zanen tsaunukan: hagu duhu, dama haske. Sai ka sauko da wurare masu haske, ka ɗaga inuwa kaɗan. Launi ya biyo baya. Rage tsaki-tsaki da ƙara kaifi su ne na ƙarshe, kuma a girman kashi 100 ake duba su, in ba haka ba ba za ka ga ɓarnar da kake yi ba. Alamar kaifi ya yi yawa ita ce farin zare da ke zagaye gefen hula ko kafaɗa.

Maganar hunturu: ƙurar da ke iska ce ke watsa haske, sai baƙi ya daina zama baƙi. A histogiram za ka ga tsaunin ya taru a tsakiya, hagu babu komai. Ja ma'aunin baƙi zuwa hagu har tsaunin ya kusa taɓa bangon hagu. A Lightroom akwai wanda aka rubuta Dehaze, ka tsaya tsakanin 10 da 25. In ka wuce haka sama za ta yi shuɗin da babu shi a watan Janairu, fuskoki kuma su yi dauɗa-dauɗa. Kuma ba dole ne a kashe hazon duka ba, wani lokaci shi ne hoton.

Hajiya_Mai_Hoto:

Ƙanena, duk abin da Malam ya faɗa haka yake, sai dai shaddarka ba a kwamfuta za a cece ta ba. Wurin da ya ƙone ya kai 255, wato ƙarshen haske, a duka launuka uku, babu komai a ciki. In ka ja shi ƙasa, abin da za ka samu shi ne faci mai ruwan toka, ba zare ba aiki. RAW yakan dawo maka da kamar mataki ɗaya na haske (mataki a nan shi ne ninka haske biyu ko rage shi rabi), daga nan sai haƙuri.

Dalilin ƙonewar shi ne tazarar da ke tsakanin farar shadda mai sheƙi da baƙar fuska a ƙarƙashin hula, da tsakar rana, ta fi abin da sensa ke iya ɗauka a lokaci ɗaya. Ido yana iyawa, kyamara ba ta iyawa. Abin yi tun kafin ka danna:

Kunna gargaɗin ƙonewa a menu, wanda ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa ƙyaftawa a allo. Ɗauki ɗaya na gwaji. In ƙirjin rigar na ƙyaftawa, danna maɓallin da ke da alamar +/- ka sauko zuwa -0.7 ko -1, ka sake. ISO, wato saitin ƙarfin kama hasken sensa, ya zauna a 100. Fuskar za ta yi duhu, kada ka damu, ita ce za ka ɗaga daga baya, kuma a ISO 100 za ka iya ɗaga inuwa mataki ɗaya da rabi zuwa biyu ba tare da ta yi yashi-yashi ba. A ISO 3200 kuwa ko mataki ɗaya ka ɗaga za ka ga ɗigo-ɗigon ja da kore a kumatu.

Wanda ya fi wannan sauƙi: matsar da mutumin. Bakin zaure, ƙarƙashin rumfa, gindin darbejiya mai cikakkiyar inuwa, ya fuskanci inda haske ke shigowa. Ka kula da inuwar bishiya mai huji-huji, tana yi wa fuska dabbare-dabbare, kuma wannan ba ya gyaruwa. In babu inuwa, ɗaga ƙaramar filashar kan kyamara ka rage ƙarfinta zuwa -1, tana cike duhun ƙarƙashin hula in mutumin bai wuce mita biyu zuwa uku ba. Ko wani ya riƙe farin kwali daga ƙasa.

Ɗakin taro matsalarsa haske iri-iri ne a wuri ɗaya: farin ƙwai a sama, fitilu masu launi a bango, ga fitilar mai bidiyo. Daidaiton fari ɗaya ba zai gamsar da su duka ba, don haka fuskar amarya za ka bi, bango ya yi yadda ya ga dama. In kana ganin ratsi-ratsi masu duhu a kwance, wutar ce ke ƙyaftawa, tunda lantarkinmu mai zagaye 50 ne a daƙiƙa. Sa gudun ɗauka a 1/50 ko 1/100 na daƙiƙa. Shi ma wannan ba ya fita a gyara.

Sai fata, inda aka fi yin ta'asa. Launin fatarmu a manhaja yana zaune ne a ma'aunin ruwan lemo da ɗan ja. In ka ƙara ƙarfin kala na hoton gaba ɗaya don atamfa ta fito, fuska za ta koma kamar an shafa manja. Ƙara wa launin atamfar shi kaɗai. Kuma ɗaga hasken fuska daban, sauya wa mutum launi daban. Ma'auni mai sauƙi: dubi bayan hannu da wuya. In fuska ta fi hannun da ke riƙe da jaka haske nesa ba kusa ba, an wuce gona da iri. Ƙurjin da zai baje cikin mako guda a iya gogewa. Tsagar gado, tawadar Allah, wushirya, waɗannan na mai su ne, ba a taɓawa sai shi ya nema. Masu ɗauka da waya kuma su leƙa saitin kyamarar gaba, da yawa suna zuwa da gyaran fuska a kunne, shi ke mayar da fata sumul kamar roba.

Baba_Na_Situdiyo:

Yaro, gyara ya girmi kwamfuta. A ɗakin wanke hoto ana tare haske da hannu ko da ɗan kwali a kan siririn ƙarfe don wani sashe ya yi haske, a ƙara wa wani sashe lokaci don ya yi duhu. Ansel Adams, mai ɗaukar hoto na Amurka, ya yi ta sake buga hotonsa na fitowar wata a ƙauyen Hernandez, wanda ya ɗauka a 1941, kuma bugun baya sararin samansu ya fi na farko duhu sosai. Ba wanda ya ce masa maha'inci.

Inda ake kiran ha'inci shi ne a ƙara abin da babu ko a cire abin da ke akwai, sannan a gabatar da hoton a matsayin shaida. A 2014 kamfanin dillancin labarai na AP ya raba gari da Narciso Contreras, wanda yana cikin waɗanda suka ci kyautar aikin jarida ta Pulitzer a 2013, saboda ya goge kyamarar bidiyon abokin aikinsa daga kusurwar wani hoto da ya ɗauka a Siriya. Kusurwa kawai, ba ta ma shafi mutumin da ke cikin hoton ba. A gasar hotunan jarida ta World Press Photo ta 2015 an fitar da kusan kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe, bayan an gwada su da fayilolinsu na asali. To ka raba aikinka gida biyu. Hoton biki, na kanti, na ado: goge wayar lantarkin da ta ratsa bayan kai, ba laifi, in mai hoton ya sani. Hoton labari, na hatsari, na taron jama'a, na kayan da za ka sayar, na fasfo: haske da daidaiton fari da datsewa kawai. Mai sayar da yadi da ya ƙara wa kala ƙarfi, rigima ce zai kwasa ranar da kaya suka isa hannun mai saye.

A nan zan ɗan saɓa wa Malam. Ba kowane aiki ne ke son RAW ba. Kafar dillancin labarai ta Reuters ma a 2015 ta ce wa masu yi mata aiki su riƙa turo hoton da aka ɗauka a JPEG, saboda sauri da kuma rage yawan taɓawa. Hawan sallah, inda za ka sa 1/1000 kana bin dawaki a guje kana ɗauka a jere, RAW zai cika ma'ajiyar wucin gadin kyamara ta tsaya tana numfashi daidai lokacin da ake jafi. Hoto 800 kuma wa zai zauna ya gyara su ɗaya-ɗaya? In hasken bai da rikici, saita daidaiton fari da hannu, ka ɗauki JPEG, ka zaɓi 30 masu kyau ka ɗan taɓa su.

Wani abu da ba a ambata ba: in kana ganin baƙaƙen ɗigo a wuri ɗaya a kowane hoto, musamman a sararin sama, ƙura ce a kan sensa. Gwada da f/16, wato ka tsuke ƙofar lens, ka ɗauki farin bango. Goge ta a manhaja halal ne ko a wurin 'yan jarida, amma maganinta robar hura iska, bakin kyamara na kallon ƙasa. Kada ka hura da baki, kada ka sa auduga, kuma kada ka canza lens a fili ranar da ake ƙura.

Sabon_Hannu:

Allah ya saka da alheri, Baba, Hajiya da Malam. Saura ɗaya. In na gama gyara hoton yana kyau a kwamfuta, amma in ya je waya sai ya yi duhu ko launin ya mutu, in an wanke a takarda kuma kan mutum ya yanke.

Malam_Mai_Lens:

Duhun daga allonka ne. In hasken allo na ƙarshe, kana ganin hoton ya yi daidai alhali ya yi duhu. Sauko da shi zuwa rabi, ka kashe saitin kare ido mai sa allo ya yi rawaya, kuma histogiram za ka yarda da shi, ba ido ba. Mutuwar launi kuma yawanci an fitar da fayil ɗin ne a tsarin launi na Adobe RGB. Wurin fitarwa zaɓi sRGB, inganci 85 zuwa 90. Na Facebook, dogon gefe fiksel 2048. A WhatsApp tura shi a matsayin fayil, wato Document, ba a matsayin hoto ba, in ba haka ba zai matse shi. Kada ka riƙa buɗe JPEG kana gyarawa kana sake ajiyewa a kan kansa, kowane zagaye yana cin inganci. Koma kan na asali ka fitar da sabo.

Yankewar kai lissafin takarda ne. Kyamararka 3:2 take ɗauka, wanda ya yi daidai da inci 4 da 6. Takardar 5 da 7 tana cin gefe kaɗan, ta 8 da 10 kuwa 5:4 ce, tana yanke kusan kashi ɗaya cikin shida na tsawon hoton, kuma injin wanki ba ya tambaya ta ina zai yanke. Datse shi da kanka a girman takardar kafin ka kai, a ɗigo 300 kowane inci: 1200 da 1800 na ƙarami, 1500 da 2100 na 5 da 7, 2400 da 3000 na 8 da 10. Wurin ɗauka kuma ka bar sarari kamar tafin hannu a saman hula ko ɗaurin ɗankwali. Takarda ba ta da haske a bayanta kamar allo, don haka ƙara wa na wanki haske kamar kashi ɗaya cikin uku na mataki, ka fara wanke ƙarami guda ɗaya ka duba shi a hasken rana kafin ka biya kuɗin babba.