Wa ya taɓa cike takardar gwajin damuwa da Larabci? Ku zo mu ji

Nas a Jidda: Salam 'yan uwa. Akwai wata takarda da muke cike wa marasa lafiya a asibitinmu, PHQ-9, tambaya tara ce kan yadda mutum ya kwana ya tashi a sati biyun da suka wuce, kowace amsa maki 0 zuwa 3, jimla 27. Da Larabcin littafi aka fassara ta. To wata hajiya haifaffiyar Makka, kakanninta Katsinawa, sau uku tana zuwa da ciwon ƙirji ana gwada zuciya ba komai. Na karanta mata tambayar da ke da kalmar ikti'ab, wato ciwon damuwa da Larabcin littafi, ta ce la la alhamdulillah, wai a'a. Maki 3 ta samu. Sai da ta miƙe tana gyara abaya ta ce da ni "ya binti sadri dayyiƙ", wai ƙirjinta a cunkushe yake tun rasuwar ɗanta, ga ba barci. Na ce Hajiya koma ki zauna, na sake tambayarta da kalmarta, muka tashi da 16. Wlh abin ya tsaya min a rai, nawa ne irinta suka wuce ta hannuna?

Ɗan Maiurno: Allah ya saka miki Yaya. Ni da yaƙin Sudan ya iso jiharmu ta Sinnar a 2024 Gadarif muka gudu, can na yi aikin sa kai da takardar gwajin Hukumar Lafiya ta Duniya, SRQ-20, ita e ko a'a ce kawai. Gsky ta fi shiga mutane don da jiki take farawa, ciwon kai, cin abinci, barci, rawar hannu, kafin ka ankara tsoho ya saki jiki yana ba ka labari. Amma a Sudan wa zai ce maka yana da ikti'ab, sai dai ya ce "ana zahjan", wato na gundura, ko nafsiyata ta'abana, wato raina ya gaji. Inda ake yin ta shi ne tambayar ko ka taɓa tunanin kashe kanka, wani dattijo a'uzubillahi ya yi ya kaɗe jallabiyarsa ya fita daga tantin bai dawo ba. Daga baya muka koma cewa "Baba, ko akan yi lokacin da kake jin da ma Allah ya ɗauki ranka ka huta?" nan ne hawaye ke zuwa, daga nan sai a bi a hankali zuwa ainihin tambayar. Tijani al-Mahi, wanda aka sa wa asibitin ƙwaƙwalwa na Omdurman sunansa, tun zamaninsa yake aiki tare da shehunnai don ya san can mutane ke fara kai kukansu.

Maman 'yan biyu, Alƙahira: Ni takardar gwajin damuwa ta masu jego aka ba ni, mai tambaya goma. Larabcina na makaranta bai kai ba sai maigida ke karanta min, uwar mijina na zaune da jariri a cinya. Ya za a yi in ce ina kuka kullum a gabansu? Duk lafiya lau na ce. Wata huɗu na yi ina fama.

Jikan Alhaji, Madina: Namu gwajin ciwon mantuwa ne. Likita ya tambayi kakana yau nawa ga wata, ya ce 12 ga Rajab, daidai kuwa, amma aka soke don wai na miladiyya, watan Bature, ake so. Aka ce ya riƙa cire bakwai daga ɗari, mutumin da bai taɓa zama a aji ba, ya yi shiru ya sunkuyar da kai, na ga kunya ƙarara a fuskarsa, alhali mahaddaci ne. Wata likitar daban ta yi masa wani gwajin mantuwar mai suna RUDAS, ta ce Baba mu je kasuwa, riƙe min shayi, man girki, ƙwai da sabulu. Uku ya kawo cikin huɗu har yana murmushi.

Ɗalibar likitanci: Duk na ji ku amma fa a yi hattara, in kowa ya canza kalma yadda ya ga dama makin ya tashi daga aiki, 10 ɗinka ba 10 ɗina ba ce. Gyaran yana da ƙa'ida, a fassara, wani da bai ga asalin ba ya mayar da ita Turanci, a zauna da mutanen gari a ji me suka fahimta, sannan a gwada da binciken likita a ga inda za a yanke maki. Ta masu jegon nan ma sai da aka gwada ta Larabcin a Dubai, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, a 1997. Matsalar ita ce abin da ya yi a Dubai ba lallai ya yi a Kasala ta Sudan ba.

Nas a Jidda: Haka ne ƙanwata, shi ya sa ban taɓa takardar ba, 3 ɗin na bari na rubuta 16 a gefe da bayanin yadda na tambaya. Likita ya gani ya tura ta ɓangaren nafsiyya, wato na lafiyar ƙwaƙwalwa, da ƙyar ta yarda, sai da na ce zan raka ta. Ranar Talata ne in sha Allah.