Kwamfutar da sai mako-mako ake kunnawa: a kashe ko a bar ta tana barci?

Baban Hanifa: Salamu alaikum 'yan uwa. Kwamfutar teburin nan tawa sai ranar Asabar nake taɓa ta, in yi lissafin Islamiyya. Yarona ya ce kashewa da kunnawa na lalata faifan ajiya, in bar ta a kunne. Ga mita kuma tana shan kuɗi. Me kuka gani?

Mai Gyara Terminus: Wa alaikumus salam Baba. A kashe ta gaba ɗaya, a zare filogi. Kunnawa sau ɗaya a mako ba ya yi wa faifai komai. Abin da ke gajiyar da shi shi ne ya tsaya ya tashi sau da yawa a yini.

Kawu na Anguwar Rogo: Ka ji maganarsa, Alhaji. Ni barci nake sa tawa, don in zo in tarar da aikina a buɗe. Daminar bara ina Bukuru aka yi tsawa, wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi. Da na kunna sai ƙas-ƙas-ƙas kawai nake ji daga ciki. Takardun gadon mahaifinmu da hotunan auren 'yata duk suna ciki, ban kwafe ko ɗaya ba. Wuri uku na kai ta. Har yau uwar yarinyar ba ta daina tambayata hotunan ba.

Maman Ilham: Allah ya mayar da alheri, Kawu.

Ɗan Gangare: SSD kawai za a sa, sabon irin faifan ajiya, babu abin da ke juyawa a ciki.

Mai Gyara Terminus: Gaskiya ne, tsohon faifai yana juyi 5400 ko 7200 a minti. Amma tsawa ba ta tambayar wane iri ne. SSD ma in ya shekara da shekaru babu wuta yana iya zubar da abin da ke ciki.

Ɗan Gangare: Kai dai kana da tsofaffin faifai a shago da kake son sayarwa.

Mai Gyara Terminus: Haba ƙanina, kai ma a wurina ka sayi naka.

Malama: A lulluɓe ta da zane in hunturu ya shigo, ƙurar Jos tana toshe fanka. Amma a cire kafin a kunna.

Baban Hanifa: Na gode. Agogonta kuma kullum sai ya koma baya, ciwo ne?

Mai Gyara Terminus: Ƙaramin batirin da ke riƙe agogon ne ya ƙare, CR2032, irin na rimot ɗin mota. Ka aiko yaron da ita bayan la'asar, ya taho da filash mu kwafe lissafin.